Sallau Mai Kaji da Turmin Lantana

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin zaure tana sallama.

Ta zo mu ji ta.

To, ku matso ku gyara zama. A wani gari an yi wani mutum ana ce da shi Sallau. Manomi ne, ba ya faɗa da kowa, ba ya yawon banza. Abu ɗaya Allah ya ɗora masa, son kaji. Kun san dai kaza kayan mata ce, namiji nasa ya yanka ya ci. Shi kuwa Sallau ba ya yankawa, ba ya sayarwa, ko ƙwai bai yarda a taɓa ba. Kallonsu kawai yake so. Da ya dawo daga gona sai ya jingine fartanya, ya zarce bayan ɗaki, ya tsuguna gaban akurki yana murmushi shi kaɗai har a kira magariba. Mazan gari suka sa masa suna Sarkin Akurki, ko a jikinsa.

A wancan zamani kaza tana magana da mai ita in ta ga dama. Biyu ne manya a cikin kajin Sallau. Akwai Wake-wake, tsohuwar kaza mai zane-zane, wadda kusan duk na gidan 'ya'yanta ne da jikoki. Akwai kuma Jatau, jan zakara mai ƙaton ƙirji, bakinsa zuma, cikinsa makirci.

Matar Sallau sunanta Lantana. Mace ce mai haƙuri, ga aiki. Da sassafe turminta ne ke tashin unguwa. In daka ya yi mata daɗi sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, har maƙwabta sun san dakanta ko ba su gan ta ba.

Ran nan ta nemi faifanta ta rasa, sai ta same shi a bayan ɗaki an yi wa 'yan tsaki inuwa da shi. Ta haƙura. Wata rana ta nemi tukunyar miyarta, ashe Sallau ya cika ta da kara da kashin shanu ya kifa a kan suri, don ya tara wa 'yan tsaki gara. Nan ma ta haƙura. Sai kuma Wake-wake ta tashi kwanci, Sallau ya ce bayan ɗaki da sanyi, ya kawo ta ƙarƙashin gadon Lantana, tsakanin kwanukan jerenta. Ƙwarƙwatar kaji ta hau gado, Lantana ta wayi gari jikinta duk ƙuraje.

Ta ce, "Maigida, ɗakin nan nawa ne ko na kaza?"

Sallau ya ce, "Yi haƙuri, ta kusa ƙyanƙyashewa. Rage murya kada ta firgita."

Abin da ya fi ci mata rai ma ba wannan ba ne. In ta kawo tuwo ta zauna za su yi hira, tana magana kunnensa na bayan ɗaki. Tana cikin ba shi labarin ciwon ƙafar babanta sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, kin ji wata ta yi tari?"

Ana nan, ana nan, sai mahaifiyar Lantana ta zo ganin gida daga ƙauyensu da ke tsallaken rafi. Lantana ta yi shimfiɗa, ta kawo ruwa, ta zagaya bayan ɗaki da murnarta.

"Maigida, Inna ce ta zo. Kama mana Jatau."

"Jatau? Wa zai riƙa yi mana cara?"

"To, kama waccan sagarar."

"Haba, ta kusa fara ƙwai."

"To, ƙwan fa? Ba ni in soya mata."

"Na kwanci ne, duk na yi musu alama da gawayi."

Haka Inna ta ci tuwo da miyar kuka lami, kaji na ratsa tabarmarta suna leƙa kwanon. Tsohuwa ta gama, ta wanke hannu. Sannan ta dubi tsakar gida ta ce, "Ma sha Allah, gidan nan da albarkar kaji." Da ta zage su ma da ya fi wa Lantana sauƙi. Lantana ta shiga madafa ta yi kuka har ta gode wa Allah. Gari na wayewa ta ɗaure ƙunshin kayanta, ta bi uwarta.

Da farko Sallau ya ce ai fushin mata ne, za ta huce. Sai ga saƙo daga surukinsa, Malam Nomau, ta bakin wani mai jaki. Ya ce a gaya wa Sallau, in yana son matarsa ya tako da ƙafarsa ya yi biko kafin rana ta faɗi ran kasuwa. In rana ta faɗi bai zo ba, to ya sawwaƙe mata, 'yarsa ba ta rasa wurin zama ba.

Nan fa Sallau ya gane ba wasa ba ne. Kada ku ce ba ya son Lantana, wallahi yana son ta, wauta ce dai ta yi masa yawa. Ya dubi murhu ba wuta, ya dubi turmi a kife, ya ji gidan ya yi masa faɗi. Ga kuma al'adar garin: mai biko ba ya zuwa hannu rabbana, da zakara a hammata yake zuwa. Jatau kuwa yana gindin rumbu lokacin da mai jaki ke magana, ya ji komai. Ya san ko an tafi da shi ko ba a tafi da shi ba, muddin Lantana ta dawo, wuyansa ne a kan gaba.

Washegari Sallau ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya tsaya yana kallon Jatau, hannunsa ya ƙi miƙuwa.

Jatau ya ce, "Maigida, ka fara zuwa da goro ka ji ta bakinsu. Ni ina zan je? Ina nan ina tsare maka gida."

Sallau ya ji daɗin wannan magana, ya kama hanya. Ya kai bakin gari ke nan sai ya jiyo murya daga kan rumbunsa.

"Shaho! Shaho! Wayyo 'yan tsaki!"

Sai ya tattare riga, sai gudu. Takalmi ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Ya faɗo gida yana haki, ya tarar da kaji duk sun ƙule ƙarƙashin rumbu.

"Ina shahon?"

Jatau ya ce, "Da ya hango hularka ya canza hanya. Amma yana kan kukar can yana jira ka juya baya."

Sallau ya wuni da sanda a hannu yana kallon sama har wuyansa ya ƙage. Ko tsuntsu bai gifta ba. Da yamma ta yi ya ce a ransa, ba komai, kasuwa da saura.

Kashegari ya sake shiri. Ya wuce bakin gari, ya kai gangaren rafi, har ya tuɓe takalmi zai tsallaka, sai iska ta kawo masa muryar nan.

"Muzuru! Muzuru ya haura katanga!"

Ya tsaya ƙafa ɗaya a ruwa ɗaya a yashi. Ga ƙauyen su Lantana can yana hango rufin ɗakunansu. Zuciya ɗaya ta ce wuce, ɗaya ta ce koma. Kun san wadda ya bi. Ya dawo, ya zagaye katanga yana neman sawu, bai ga komai ba. Jatau ya ce ai muzuru da wayo, kan duwatsu yake takawa. Sallau ya wuni yana toshe kafofin akurki da ƙaya da laka, yana yi yana duban rana.

Sai Wake-wake ta matso ta ce, "Maigida, yunwa muke ji."

"Yunwa? Ba na watsa muku dawa da safe ba?"

"Ɗan tafin hannun nan? Wannan ai marmari ne. Kuma 'yan tsaki ba sa iya haɗiye dawa ɗungum. Ina dusa? Ina ɓarɓashin gindin turmi? Ina ƙanzon da ake jiƙa mana, ina ƙasari?"

Sallau ya tsuguna a gabansu. Shi duk shekarun nan bai taɓa tambayar me kajinsa ke ci tsakanin fitarsa gona da dawowarsa ba. Ya duba su da kyau, sai ya ga ƙashin ƙirjinsu ya fara fitowa, gashinsu ya yi ƙura-ƙura. Ya ce to, ai daka ba gagara ba ce. Ya tayar da turmi, ya zuba dawa, ya ɗaga taɓarya ya maka. Dawa ta yi tsalle ta watse a ƙasa. Ya sake makawa, taɓarya ta goce ta sami babban yatsansa na ƙafa. Matan maƙwabta suka leƙo ta saman zana suna ƙyaƙyata dariya, wata ta ce, "Sannu da aiki, amarya!" Ya ajiye taɓarya, ya shige ɗaki yana ɗingishi, shi da kajin duk suka kwana da yunwa.

Ana gobe kasuwa ya tashi ya rantse ko sama da ƙasa za su haɗe yau sai ya je. Ya leƙa bayan ɗaki don ya yi sallama, sai ya ga Jatau a kwance, fukafukai a ƙasa, ido a rufe, wuya ya langaɓe.

"Jatau! Me ya same ka?"

"Maigida, tafi abinka. Ciwon nan ne mai share akurki. In ka dawo ka tarar da mu duka a miƙe, ka yafe mana."

Hankalin Sallau ya tashi. Ya ruga daji ya saro ɓawon maɗaci, ya jiƙa, ya daka barkono ya zuba, ya buɗe bakin Jatau ya riƙa ɗura masa. Ni dai na ce Allah ya ƙara. Ɗan banza ya sha ɗaci da yaji har hawaye na zuba, amma ya daure, don a ganinsa maɗaci ya fi wuƙa. Da rana ta yi ja sai ya miƙe ya karkaɗe jiki, ya ce ya ji dama-dama. Sallau ya zauna a bakin ƙofa ya rafka tagumi. Gobe ce kasuwa, kuma bayan gobe ba wata goben.

Ran kasuwa ya tashi tun da sanyin safiya. Ya ce bari ya fara ɗauko wa 'yan tsaki gara a suri, ya bar musu abin taɓawa, sannan ya yi wanka ya tafi. Ya je, ya ɗauko tukunya, ya dawo yana kira, "Kur-kur-kur!"

Shiru.

Ya sake kira. Ya leƙa akurki, wayam. Ya duba ƙarƙashin rumbu, ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan banɗaki. Ba Wake-wake, ba Jatau, ko ɗan tsako ɗaya babu. Tukunyar ta suɓuce daga hannunsa ta fashe, gara ta watse, ba mai tsinta.

Daga nan Sallau ya manta da wanka, ya manta da riga, ya manta da ranar da ake ciki. Ya fita da tsumman gona, ba hula ba takalmi. Ya bi gidajen maƙwabta yana sallama, kowa ya ce bai gani ba. Ya shiga kasuwa wajen masu kaji yana ɗaga kwanduna yana leƙawa, har wani ya ce in ba saye zai yi ba ya ba mutane wuri. Ya bi bayan gari, ya duba juji, ya duba gindin ƙaya ko zai ga gashi. Sai can da la'asar, a gangaren rafi, ya ga sawu a kan danshin yashi, manya da ƙanana, a jere, sun bi ta inda ruwa ya tsinke sun haye.

Yana tsugune yana duba sawun sai ga 'yan kasuwa suna komawa gida, jakuna ba kaya, mata da ƙwarya a ka. Ya ɗaga kai ya ga rana ta yi ƙasa. Lantana! Yau ce ranar! Ya miƙe, ya dubi jikinsa, tsumma da laka, ba goro ba zakara. Ya dubi sawun kaji. Ina ma in ce muku ya bar sawun ya nufi gidan surukansa. Ina! Cewa ya yi, "Bari in bi su kaɗan, ba su yi nisa ba."

Ya bi sawu kansa a ƙasa. Sawu ya hau tudu, ya bi. Ya ratsa gonar rogo, ya bi. Ya shiga wani lungu, ya bi, bai ko ɗaga kai ya ga ko ina ne ba. Sai ya ji daka. Tim, tim, sai tafi, sai tim. Ya tsaya cak. Ya ɗaga kai a hankali, sai ga shi a ƙofar gidan Malam Nomau, tsohon na zaune a kan buzu da carbi a hannu yana kallonsa. Ta ƙofar zaure kuwa yana hango gindin turmi, kajinsa sun kewaye shi suna ta tsattsaga. Wanda ya fi kowa zura kai cikin dusa shi ne Jatau, mai ciwon jiya. Ashe da ya ga kaji sun kama hanya, ga yunwa, ga ba zai iya zama shi kaɗai ba, sai ya bi bayansu.

Sallau ya zube ƙasa ya durƙusa. "Baba, barka da yamma."

Malam Nomau ya amsa, ya dube shi tun daga kai har ƙafa. Ya dubi rana, ta kusa taɓa kan itatuwa. Sannan ya ce, "Sallau, tambaya ɗaya zan yi maka. Biko ka zo, ko kaji ka biyo?"

Daka ya tsaya a cikin gida.

Sallau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya san Lantana na bayan zana tana saurare. In ya ce biko, tsumman jikinsa zai ƙaryata shi, kuma ita ta san shi kamar yunwar cikinta. In ya faɗi gaskiya, ya yanke igiyar aurensa da hannunsa.

Ya ce, "Baba, ba zan haɗa maka laifi da ƙarya ba. Sawun kaji na biyo."

Daga bayan zana Lantana ta ce, "Baba, ka dai ji da kunnenka."

Malam Nomau ya ce, "To, madalla da gaskiya. Ga kajinka nan, kora su ka tafi tun da sauran haske."

Jatau ya fito da sauri yana goge baki a ƙasa. "Ka ji, Maigida, mu tafi. Dare na yi, ka san muzuru."

Sai Wake-wake ta tako ta tsaya a bakin zaure, 'yan tsaki na bayanta. Ta ce, "Wane muzuru? Maigida, ba shaho, ba muzuru, ba ciwo. Wuƙa yake tsoro, ya sa ka yi ta safa da marwa, mu kuwa yunwa na cinmu. Da safen nan iska ta kawo mana dakan uwar ɗakinmu, na ce wa yara ku tashi mu je inda ake sanin cikinmu. Ni ba inda za ni. Kai kallonmu kake yi, ita ke kiwonmu."

Sallau ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan laka. Ya ce, "Baba, ba ni da abin korawa. Ashe ban taɓa kiwon kaza ba. Tun da ta tafi ni da su ba wanda ya ƙoshi. Na kunyata Inna a gidana, na mayar da 'yarka bayan kaza, yau ma dabba ta riga ni sanin hanyar gidan nan. Ban cancanci a ba ni ita ba. Amma ina roƙo."

Ya miƙa hannu ya cafke Jatau. Jatau ya yi ta ihu, "Maigida, ni ne fa! Sabonmu fa!"

Sallau ya ce, "Sabo da kaza ba ya hana yanka ta." Ya rarrafa ya ajiye shi gaban tsohon, ya danne fukafukan da hannu biyu, ya ce a kai wa Inna.

Malam Nomau ya ja carbi. Can ya ce, "Zakara ya biya bakin Inna. Amma ba da Inna kake zaune ba. Lantana, fito ki faɗi naki."

Lantana ta fito da mayafi, idanunta sun yi ja. Ba ta dubi mijinta ba. Ta ce, "Baba, zan bi shi, amma da sharaɗi. Kaji su zauna nan, ba ruwansa da su. Ya shiga gaba in bi shi a baya, yadda aka saba. In ya waiwaya kafin mu taka ƙofar gida, na san ba ni ya waiwaya ba. A nan zan juyo, kuma kada a sake aiko mini kowa."

Sallau ya ce ya yarda. Ta ɗauko ƙunshinta ta aza a ka, suka kama hanya, rana ta yi jajawur.

Ba su fita lungu ba sai ya ji "tsiyau, tsiyau" a bayansa. Ɗan tsako ne, ya ma san wanne, ƙaramin nan mai ɗingishi. Wuyansa ya fara juyawa da kansa. Ya dafe ƙeya da hannu ya ci gaba.

Suna cikin gonar rogo sai inuwa ta gifta ta kansa. Wannan karon ba ƙaryar kowa ba ce, shaho ne na gaske, ya gan shi da idonsa ya kwanto ya wuce ta bayansa. Ya ji fuka-fuki, ya ji kaza ta yi ƙara, ya ji ɗan tsako ya yi kuka sau ɗaya, kukan ya yi sama ya ɓace. Ƙafafun Sallau suka tsaya. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ya kafa ido a kan wata tsamiya da ke gabansa, ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya taka.

Sai suka gangaro rafi. Yashi ne mai laushi, ba ya ƙara. Tun daga ƙauye yana jin takun Lantana a bayansa, ƙyas, ƙyas, yanzu kuwa ya daina ji. Ya rage tafiya ya kasa kunne. Ba taku, ba tari, ba motsin zane. Ko tsayawar da ya yi a gonar rogo ta ɗauka waiwaye ne? Ko ta juya tun can, shi kaɗai yake ta tafiya kamar mahaukaci? Tsoron da ya kama shi a nan ya fi na shaho, ya fi na akurki wayam. Ya lura ko kajin bai tuna ba. Ita yake son ya waiwaya ya gani, kuma in ya waiwaya ya rasa ta.

Ya tsaya a tsakiyar yashi, fuskarsa na gaba. Ya ce, "Lantana, kina nan?"

Shiru.

"Lantana, don Allah ko tari ki yi."

Sai da ya ji kamar ransa zai fita sannan murya ta zo, dab da bayansa, a hankali. "Ina nan, Maigida. Yi tafiyarka."

Ya tafi yana share ido da tsumman hannunsa, bai sake tsayawa ba sai da ƙafarsa ta taka dokin ƙofa.

Ta ce, "To, juyo."

Ya juyo. Ga Lantana da kaya a ka, wuyanta ya gaji. Ga Wake-wake a bayanta, ga sauran kaji a jere, ba wanda ya kira su, ita suka biyo. Ɗan tsako ɗaya babu. Lantana ta zuba masa ido ta ga inda zai fara kai hannu. Sallau ya matso, ya kama ƙunshin da hannu biyu ya sauke mata, ya ce, "Sannu da hanya. Zauna in kawo miki ruwa." Kaji suka ratsa ta gefen ƙafarsa suka shige, bai ƙirga su ba.

Daga ranar ya ja zana ya raba bayan ɗaki da tsakar gida. Bai daina son kaji ba, mai hali ba ya fasa halinsa, ita ma ba ta ce ya daina ba. Amma in ta kawo tuwo ta zauna, ko akurki zai kama da wuta sai ta gama maganarta.

To, kun ji. Ba laifi ba ne mutum ya so abin da yake so. Amma kafin ka ce abin nan nawa ne, ka duba hannun da ke riƙe maka shi, ka fara gaida mai hannun. Wanda bai yi haka ba, wata rana dabbarsa za ta riga shi zuwa ba da haƙuri.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe da safe ya tsaya a gindin turmi ya ga wa kaji ke bi.